Abla Dimyana da Rantsuwar Ƙwai

Kafin rana ta yi zafi za ka ga Abla Dimyana ta fito daga ƙaramin asibitinmu na Kom Rashwan, baƙar jaka a kafaɗa, abin awon jini a ciki, ga wani tsohon sikeli a hammata wanda ya girmi rabin ma'aikatan wurin. Ba ta hawa jaki, ba ta tsayar da mai keke. Da ƙafa take bin gefen magudanar ruwa, tana amsa gaisuwar masu cirar albasa ba tare da ta rage sauri ba. Wanda ya ƙwala mata kira daga cikin gona ya ce gwiwarsa na ciwo, sai ta ce masa gwiwar ta same ta a asibiti ranar Talata.

In ta shiga gida, masu gida sukan nufi ɗakin baƙi da ita, a ɗora shayi. Ita kuwa sai ta ce shayin ya jira ta, ta wuce madafa kai tsaye. Ta buɗe murfin tukunya ta leƙa, ta shinshina, ta karkata tulun man shanu ta ga inda ya kwana tun zuwanta na baya. Daga nan ta bi matakala zuwa saman soro inda kaji suke, ta dubi kwandon ƙwai. Sai ta sauko sannan take ɗaura wa mara lafiya abin awo a dantse. Matan garin nan sun gwada ɓoye tulun a ƙarƙashin gado, sun gwada bayan buhun alkama, har cikin tanderun gurasa an taɓa tura shi. Duk ta san wuraren, don ita ma a irin gidan aka haife ta.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana wannan zirga-zirga, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba a taɓa buga hotonta a jarida ba. Abla muke ce mata, babba da yaro, kamar yadda ake ce wa malamar makaranta, har waɗanda suka haife ta a shekaru. Amma a bayan idonta wani suna muke kiran ta da shi, wato Abla Ya-Danganta.

Ƙwai ne ya jawo mata sunan. A garin da kowace mace take da kajinta a saman soro, babu tambayar da aka fi yi mata kamar tasa, musamman tun da wayoyi suka cika hannun mutane, yau a ce ƙwai na toshe zuciya, gobe a ce a ci shida a rana. Wata safiya a barandar asibiti, mata na jiran a yi wa yara allura, Ummu Rida mai sayar da cuku ta tare ta.

"Abla, yau dai ki faɗa mana tsakani da Allah. Ƙwai magani ne ko guba?"

"Ya danganta."

"Kun ji ko? Ai na ce muku haka za ta ce."

"To wa zai ci? Ke, ko mijinki mai ciwon suga, ko wannan da ke kafaɗarki? A cikin me za ki dafa shi? Da me za ki haɗa shi?"

"A man shanu mana. Da me ake soya ƙwai, da ruwan Nilu?"

"Na ga suyarki, Ummu Rida. Ƙwan naki iyo yake koya. Wata rana sai an kira masu fito sun tsamo shi."

Matan suka yi ta dariya, Ummu Rida ta ce ita dai ba za ta ba mijinta abinci a bushe ba a ce ta rasa tarbiyya. Abla ba ta yi fushi ba. Ta maimaita abin da ta saba faɗa, da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka. Mai lafiya, ƙwai guda a rana ba ya cutar da shi, yana gina jiki, yana riƙe ciki har azahar. Gwaiduwa tana da nata maiƙon, ba ta musu, amma abin da ya fi ɗaga maiƙon jini shi ne tafkin man da ake nutsa ƙwan a ciki. Mai suga kuwa, da wanda maiƙo ya yi wa yawa a jini, da wanda zuciya ta taɓa kayarwa, nasu lissafin na likita ne, ba na maƙwabciya ba.

A kan ciki ma haka take. Dafaffen ƙwai ba ya wahalar da ciki, shi ya sa take ba tsofaffi da masu tashi daga jinya. Amma ba ya tura komai gaba, in ji ta, don haka wanda ya ci shi tsura ba ganye ba wake ba gurasa mai dusa, kada ya zo mata da kukan bayan gida ya yi tauri. Mai ƙwarnafi ta ce ya bar soyayye ya gani. Samarin da ke wasan sanda a wurin biki suna fasa ɗanyen ƙwai a madara su shanye wai don ƙarfin dantse, ta sha gaya musu ƙarshen wannan ƙarfi gudawa ce, kuma ta sha ɗaura wa wasunsu ruwa a hannu.

Abin dariyar, ita kanta ba ta cika cin ƙwan ba. Kirista ce, daga gidajen bayan coci, da zanen ɗan gicciye a fatar wuyan hannunta na dama. In ka haɗa azuminsu na shekara, ya fi rabinta ba nama ba madara ba ƙwai. Mijinta Jirjis kafinta yakan ce ya auri mai wa'azin ƙwai da ke kwana da wake.

Abla, ke ce kika ƙi ba mu amsa mai sauƙi. Mun so ki ce e ko a'a mu huta, kika ƙi, kika sa mu kallon cokalin da ke hannunmu. Ba mu gode miki a lokacin ba, tsokanar ki muka yi.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na gidan Abdurradi ne, wanda muke kira Abu Khalaf. Rabin unguwar gabas sun shaida shi, matarsa kuma ta ba ni izinin faɗa.

Abu Khalaf manomin albasa ne, dogo, mai taurin kai irin namu na kudu. Fiye da shekara arba'in karin kumallonsa bai canza ba, ƙwai uku a kaskon ƙasa man shanu na tafarfasa, gurasa mai zafi, shayi baƙi ƙirin, sannan ya ja shisha ya hau jaki. Kajin na matarsa Bahija ne, Ummu Khalaf, jikokin kajin da mahaifiyarta ta haɗo ta da su ranar da aka kawo ta gidan. Wata safiya ya dafe ƙirji a tsakiyar gona ya durƙushe. Aka kai shi babban asibiti a birni, aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe, aka buɗe ta aka sa ɗan bututu. Ya dawo gida da ƙafarsa da ledar magunguna, aka yi ta zuwa barka.

Barkar ba ta daɗe ba. Duk zuwan Abla sai sikeli ya nuna ya ragu. Rigarsa ta fara rataye a jikinsa. Ya daina fita ƙofar gida, ya koma kwanciya a kan benci fuska ga bango. A madafa Abla ta karkata tulu ta ga man yana sauka fiye da da. A saman soro ta tarar da kwando cike da ƙwai ba mai taɓawa, kaskon ƙasa a kife a kusurwa, kaji kuma sun ragu, don Ummu Khalaf ta fara rabar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ta sauko ta zauna kusa da bencin.

"Abu Khalaf, sikelina ya ce kana satar kanka kaɗan-kaɗan. Ina kake kai naman?"

"Tambayi mai girki," ya ce, bai juyo ba.

"Miyar lalo nake masa da romo," in ji Ummu Khalaf daga bakin ƙofa. "Kullum sai na ƙara masa cokali biyu na mai don ya yi ƙarfi, man gida ne mai kyau, ni na kaɗa. Ya ƙi ci."

"Haƙora huɗu gare ni, Abla, nama ya fi ƙarfinsu. Wake kumbura ni yake tun da na fara haɗiyar ƙwayoyin nan. Abu ɗaya na roƙa a gidan nan, kowace safiya, sai a yi kamar ba a ji ni ba."

Wato an kori ƙwai daga gidan an ninka man shanu. A wurinmu man gida ba abinci ba ne kawai, ƙarfi ne, kuma shi ne ma'aunin son da mace ke yi wa mijinta. Babu wanda zai zargi tulu.

Abla ba ta yanke hukuncin da ba nata ba, wannan ɗabi'arta ce tun fil azal. Washegari ta taho da Dakta Nashwa, likitar asibitinmu. Dakta ta duba shi, ta kira likitan zuciyar da ya yi masa aiki suka yi magana, sannan ta faɗa a gaban miji da mata cewa ramar nan ita ce abin tsoro yanzu. A ba shi dafaffen ƙwai guda da safe, da ganye da gurasa. A rufe tulun mai, a rage gishiri, ya riƙe magungunansa, bayan 'yan watanni a sake auna maiƙon jininsa a ga abin da hali ya yi. Ummu Khalaf ta ce to, ta raka su har waje, ta yi godiya.

Da Abla ta koma bayan kwana biyu, kwandon na nan a cike, kaskon na nan a kife.

Ta ɗauki ƙwai guda ta dafa da kanta, ta ɓare, ta kai masa a faranti. A lokacin tana tsakiyar babban azuminsu, ko ɗanɗana gishirin ba ta yi ba. Abu Khalaf ya dubi farantin, ya tura shi gefe da bayan hannu.

"Ba raina hannunki na yi ba, Abla. Amma ni ma na taɓa tsayawa a barandar asibiti lokacin ciwon mahaifina. A gabansa likita ya ce zai warke, a waje ya ce mana mu kai shi gida. Na san yadda ake yi. Matar nan ba ta taɓa hana ni abin da na roƙa ba tun da aka kawo ta. In yau ta hana, to an gaya mata abin da ba a gaya mini ba."

"Babu abin da aka ɓoye maka."

"Haka mu ma muka ce wa tsohon."

Ya juya ga bango. A nan Abla ta gane ba yunwa kaɗai ke cin mutumin ba. Ya riga ya yi wa kansa hukunci, jira kawai yake, kuma ba ta da wata magana da za ta shige shi, don maganar ma'aikacin asibiti ita ce ainihin wadda ya daina yarda da ita. Hannu ɗaya ne a duniya zai iya ƙaryata abin da ke ransa.

Ta hau soro. Ummu Khalaf na tsugune tana watsa wa sauran kajin tsaba. Abla ta zauna a kan akurki ta miƙe ƙafa, ta ce gwiwoyinta sun gaji, ba za ta sauka ba sai ta ji dalili. Can Ummu Khalaf ta fara magana ba tare da ta ɗago ba.

Ranar da aka shiga da mijinta ɗakin tiyata, ɗansu Khalaf ya kira daga Kuwait inda yake aikin gini. Yana kuka yana faɗa. Ya ce, "Inna, na sha gaya miki. Ƙwan nan naki ne ya toshe masa zuciya, kowa ya sani, ga shi nan a waya." Ta zauna a ƙasan barandar asibitin ta lissafa safiyoyin shekara arba'in, kowace da kaskonta. Sai ta ɗaga hannu ta rantse da Allah, in ya fito da rai, ƙwai ba zai ƙara shiga bakinsa daga hannunta ba. Ya fito da rai.

"To yanzu in na karya, Abla? Wanda ya ba ni shi ba sai ya karɓe abinsa ba? Ni na kusa kashe shi sau ɗaya. Ba zan yi na biyu ba."

"Kina kan yi," in ji Abla. "Jini na sani, Ummu Khalaf, ban san hukuncin rantsuwarku ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Kin yarda in kira wanda ya sani?"

Da ƙyar ta gyaɗa kai.

Mutane da yawa sun ga Abla a ranar tsaye a inuwar bangon masallaci da sikelinta a hammata, tana jiran a idar da sallar azahar. Da liman Shehu Dardiri ya fito yana neman takalminsa ya gan ta, sai ya washe baki.

"Abla Dimyana a ƙofar masallaci. Ko dai shiriya ce ta zo?"

"Hawan jininka ne ya zo, Shehu, wata biyu ban gan ka ba. Amma ba shi ya kawo ni ba."

Ta ja shi gefe ta gaya masa. Bai ko koma gida cin abinci ba, ya bi ta. Ya zauna a tsakar gidan Abu Khalaf, Ummu Khalaf na rakuɓe a gindin matakala, ya ce mata wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga barinta ya fi alheri, to ya yi abin da ya fi alherin, ya yi kaffara. Ta ciyar da miskinai goma daga irin abin da gidanta ke ci.

"Ba ciniki kuka yi da Ubangiji ba, Ummu Khalaf," ya ce. "Bai dawo miki da mijinki a bakin ƙwai ba. Kyauta ya ba ki."

"Da me zan ciyar da su?" ta tambaya.

"Akwai kwando guda a sama da ya rasa mai ci," in ji Abla.

Washegari da hantsi aka tara mutum goma daga cikin 'yan ƙwadagon da ke zuwa cirar albasa daga ƙauyukan tudu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo gurasa da wake da tumatir da ƙwai tuli. Ummu Khalaf ta jawo tulu za ta kwarara mai yadda ta saba, don sadaka ba a yi mata rowa. Abla ta riƙe mata hannu.

"Su ma talakawan zuciya gare su. Cokali ɗaya."

Da baƙi suka watse, Ummu Khalaf ta shiga wurin mijinta ta gaya masa komai da bakinta, kiran wayar da rantsuwar da kaffarar. Ya tashi zaune a hankali yana kallon ta.

"Ke 'yar mutane. Duk wannan saboda maganar Khalaf? Yaron da bai san ta inda kaza ke fitar da ƙwai ba?"

Ta koma madafa ta ɗora ruwa. Maƙwabciyar da ke wurin ta ce ɓawon ya ƙi ɓaruwa, ta yi ta tsinkar ƙwan da farce. Ta barbaɗa masa ɗan dakakken kamun, kayan ƙamshin da muke sa wa ƙwai, ta yanka tumatir a gefe, ta ajiye a gabansa. Ya dubi farantin, ya dube ta.

"Ina man?"

"Abla ta hana."

"Dafaffe, guda ɗaya, kamar guzurin mai shiga jirgin ƙasa." Ya gutsura, ya tauna da haƙoransa huɗu, ya haɗiye. Sannan ya dubi Abla da ke tsaye da jakarta. "Ke nan ba mutuwa zan yi ba?"

"Za ka mutu mana, Abu Khalaf, duk za mu mutu. Amma babu likitan da ya ba mu rana."

Ya cinye, ya sa gurasa ya share farantin. Da yamma Abla ta sa aka kira mata Khalaf a waya. Ba ta zage shi ba. Ta ce abin da ya karanta ba duka ne ƙarya ba, amma wanda ya rubuta bai taɓa ganin mahaifinsa ba, kuma akwai wata tsohuwa a nan da take bin sa ban haƙuri. An ce ya daɗe yana kuka a wayar.

Sikeli ya fara hawa. Da aka sake auna maiƙon jinin, Dakta Nashwa ta ce a ci gaba a haka. Kafin a dasa sabuwar albasa Abu Khalaf ya hau jakinsa. Tulun mai ya koma na baƙi da ranar salla, ko da yake Abla ta sha kama shi ya ɗan sauka fiye da ƙima, Ummu Khalaf ta ce ɓera ne. A kan shisha kuwa Abla ta sha kaye. Ya bar ta 'yan watanni, ya koma yana ja a bayan rumfar gona inda yake zaton ba a ganin hayaƙi. Ta yi faɗa, Dakta ta yi faɗa, ya ce su bar masa abu ɗaya da zai yi wa laifi.

Ya ƙara shekara huɗu da wani abu. Ya aurar da jikarsa, ya yi wasan sanda a bikin na ɗan lokaci kafin a ƙwace sandar. Wata la'asar aka same shi zaune a gindin dabino a bakin gonarsa, rawani a cinya, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki, ɗakin mata ya cika maƙil. Abla ta shigo cikin baƙaƙen kaya ta durƙusa gaban Ummu Khalaf ta yi mata gaisuwa. Za ta tashi, tsohuwar ta damƙe wuyan hannunta, daidai kan ɗan gicciyen.

"Da safen nan na ba shi, Abla. Da hannuna na ɓare masa." Ta ƙara matse hannun. "Ƙwan ne?"

Matan da ke wurin duk sun san amsar Abla, shekara talatin suna jin ta, wasu har sun fara sunkuyar da kai.

"A'a," in ji Abla Dimyana.

Ummu Khalaf ba ta sake ta ba.

"A'a, Ummu Khalaf. Zuciya ce irin ta gidansu, ita ta ɗauki mahaifinsa yana da ƙuruciyarsa, ga hayaƙin shekara hamsin a kai. Ƙwanki shi ya tashe shi daga bencin nan ya mayar da shi gona. Ba ke ba ce."

Ummu Rida mai cuku, wadda ke zaune a kusa, ta ce tun da take ba ta taɓa jin Abla ta ba da amsa ba tare da ta jingina ta da wani abu ba sai ranar. Da labarin ya kai wa Dakta Nashwa, ta ce ita ma abin da za ta faɗa ke nan, sai dai da ta fi tsawaitawa. Ummu Khalaf ta saki hannun, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ta kasa yi tun da aka shigo da gawar.

Abla Dimyana, ta Jirjis mai baƙar jaka, mai buɗe murfin tukunyar da ba tata ba. Ke ce kika san ba a jinyar mutum daga ɗakin baƙi. Ke ce kika kira likita a kan abin likita, kika kira liman a kan abin liman, kika tsaya a ƙofa kina jiran kowannensu. Kin hana mu amsa mai sauƙi duk tsawon aikinki, don ba ta da gaskiya, ranar da gaskiyar ta zama kalma ɗaya kuma ba ki jingina ta da komai ba. Mun gode. Allah ya hutar da gwiwoyin nan da suka hau kowane soro a Kom Rashwan, ya ba ki tsufa mai daɗi kusa da jikokinki.

Ga 'yan matan da za su gaji jakar, ba sai kun gaji tsohon sikelin ba, ya ci a ce ya huta shi ma. Amma ku bar shayin ya jira ku. Ku shiga madafa, ku karkata tulu, ku hau matakala ku ga abin da aka kife a kusurwa. Mu kuma da ke aika wa iyayenmu abin da muka gani a waya daga nesa, mu riƙa tunawa akwai wadda za ta ji shi ita kaɗai a barandar asibiti.

Mutane sun zaci Ummu Khalaf za ta rabar da sauran kajin bayan rasuwar. Ba ta rabar ba, har ta ƙara wasu. Duk shekara in babban azumin su Abla ya ƙare, ƙwan farko da Abla take buɗa baki da shi daga soron nan yake zuwa, an dafa shi da ɓawon albasa ya yi ja, a ƙulle cikin ɗan ƙyalle. Ita kuma tsohuwar, kowace safiya takan ɗora ruwa ta dafa guda ɗaya, ta ɓare, ta barbaɗa kamun, ta zauna a kan bencin da yake zama ta ci.